Bugun dawowa: darasin da na ɗauko daga wayar ɗan yayana

Yau zan ajiye maganar kasafin kuɗi da ta jami'o'i, in ɗauko wata magana da na san wasu abokan aikina za su ce ba ta kai ta hau shafin ra'ayi ba, wato wasan gem na wayar hannu. Ina roƙon a yi haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe, domin a kan wannan wasa ne gidan yayana ya kusa rabuwa da ɗansa na fari.

Makonni biyu da suka wuce Yaya ya kira ni da sassafe, ya ce in zo gida Tudun Wada, akwai magana. Duk wanda ya san Yaya ya san ba ya kira sai abu ya ci tura. Na kama hanyar Zariya, na wuce hanyar da ke shiga Tiga a ƙasar Bebeji, na karya a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, kafin azahar ina Tudun Wadan Ɗankadai. Ga abin da na tarar: sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, makin yaron bai kai abin da ake nema a fannin da yake so ba. Yaya ya ɗora laifin kacokan a kan waya, ya ƙwace ta ya kulle a akwati. Shi kuma yaron, mai shekara 18, ya yi zuciya. Ya ce shi da boko haihata-haihata, jibi zai bi abokansa zuwa Riruwai ta ƙasar Doguwa, inda ake haƙar ma'adinai, ya nemi na kansa. Uwarsa ta kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

Bayan mun ci abinci na ce, "Yaya, a ba ni wayar nan in ga abin da ke cikinta. Ba na son mu yanke hukunci a kan abin da ba mu gani ba." Ya dube ni ya ce, "Dakta, kai ma wasan za ka yi?" Na ce e. Ya shiga ɗaki ya ɗauko ta yana girgiza kai. Na kira yaron muka zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida, na ce ya koya mini. Ya ce, "Baffa, ba za ka gane ba." Na ce masa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, yau shi ne malami.

Sunan wasan Brawlhalla. Wani kamfani na Amurka mai suna Blue Mammoth Games ne ya ƙirƙire shi, ya fito da shi a kammale a 2017, sannan kamfanin Ubisoft na Faransa ya sayi kamfanin a 2018. A 2020 aka kawo shi kan wayoyin hannu, kuma kyauta ake sauke shi. Wannan ne ya sa ya isa hannun yaron da bai taɓa mallakar na'urar gem ba.

Waɗanda suka taɓa leƙa gidajen gem na unguwanninmu sun san irin su Mortal Kombat, inda mutum biyu ke faɗa, kowanne da ma'aunin rai a saman allo. Duk bugun da aka yi maka sai ma'aunin ya ragu, in ya ƙare ka faɗi, shi ke nan. Brawlhalla ba haka yake ba. Ana faɗan ne a kan wani dandamali da ke rataye a sarari, hagu da damansa da ƙarƙashinsa duk rami ne. Bugu ba ya kashe kowa kai tsaye. Abin da yake yi shi ne ya mai da jikinka sakayau, yadda bugun gaba zai wurga ka nesa fiye da na baya. Akwai alama a kusurwar allo da ke sauya launi, daga fari zuwa ruwan ɗorawa, zuwa ruwan goro, zuwa ja. In ta yi ja, bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cilla ka. Rai yana tafiya ne kawai in ka tsallake iyakar fili, ta sama ko ta gefe ko ta ƙasa, kuma a gasa rai uku ake ba kowa.

Wannan tsari ya samo asali ne daga wasan Super Smash Bros., wanda Masahiro Sakurai na ƙasar Japan ya tsara, kamfanin Nintendo ya fitar a 1999. Ya yi kama da kokawar sumo ta ƙasarsu, inda fitar da mutum daga da'ira ke zama kaye. Abin da Sakurai ya ƙara shi ne, wanda aka tura waje bai faɗi ba tukuna. Yana da 'yan daƙiƙu a cikin iska, da 'yan dabaru ƙidayayyu, da zai iya komowa da su. Saboda haka babbar tambaya a irin wannan wasa ita ce: in an wurga ka, da me za ka dawo?

Yaron ya lissafa mini da yatsunsa. Wanda aka cilla waje yana da tsalle biyu da zai iya yi a cikin iska. Yana da zilliya ɗaya, wato gocewar da ke sa bugu ya ratsa shi bai taɓa shi ba na ɗan ƙiftawar ido, tana kuma matsar da shi kaɗan zuwa inda ya nufa, amma in ya yi ta sai ya jira kafin ya sake samun wata. Sai kuma na ƙarshe, wanda shi ne maganarmu ta yau, wanda na laƙaba wa suna bugun dawowa.

Ga yadda yake. Akwai madanni biyu na kai hari, na ƙaramin bugu da na babban bugu. In kana tsaye a ƙasa ka danna na babban, gwarzonka zai yi wani bugu nasa na kansa wanda babu mai irinsa. In kuwa kana cikin iska ka danna shi, ba tare da ka karkata ƙasa ba, sai gwarzon ya yi wuf ya haura sama yana kai duka. Aiki biyu ke nan a motsi ɗaya. Yana ɗaga ka zuwa wajen dandamali, yana kuma bugun duk wanda ya tare maka hanya. Siffarsa ta danganta da makamin da ke hannunka, domin a wasan makamai kan faɗo a fili a tsinta, takobi ko mashi ko baka ko guduma ko gatari. Wanda ba ya riƙe da komai, bugun dawowarsa naushi ne da ke haurawa sama. Mai mashin roka kuwa roka ce ke jan sa a karkace. Don haka gwani yakan san tun kafin a wurga shi ta wace kusurwa makaminsa zai dawo da shi, abokin faɗansa ma ya sani.

Sharaɗin da ke kansa shi ne, sau ɗaya yake fita da cikakken ƙarfinsa. In ka sake danna shi kafin ka taɓa ƙasa ko bango, sai dai ya ci ɗaya daga cikin tsallen da ya rage maka, ya fito a gajiye, ya ɗaga ka kaɗan. In tsallen ya ƙare, babu abin da zai fito. Bayan haka kuma, da zarar bugun ya kai ƙarshensa, akwai ɗan lokaci da gwarzon ke rataye, bai iya kai hari, bai iya karewa. Wasan yana tafiya ne a kan hoto 60 a kowace daƙiƙa, gwanaye kuma a cikin waɗannan 'yan hotuna suke neman abincinsu. Abin da ke ceton ka shi ne kuma yake tona inda kake.

Akwai sauƙi guda. Gefen dandamalin bango ne, kuma in ka samu ka manne da shi, tsallenka da bugun dawowarka duk sukan dawo sababbi. Wato ba lallai ne ka kai har saman fili ba, isa bango ma ya wadatar ka ja numfashi. Sai dai masu tsara wasan sun hango cewa wani zai mai da bangon gida, ya yi ta lilo a can yana ɓata lokaci. Shi ya sa in ka daɗe kana tsalle-tsalle ba ka taka ƙasa ba, alamar motsin rai takan fito a saman kanka tana gargaɗi, daga nan bangon ya daina sabunta maka komai, ya zama santsi. Bango wurin hutawa ne na ɗan lokaci, dole a ƙarshe ka hau ka tsaya da ƙafarka.

Duk wannan lissafi kana yin sa ne alhali wanda ya wurga ka yana tsaye a bakin gaɓa yana jiran ka. Wannan shi ne abin da zan kira tsaron gaɓa. Yana iya jifan ka da makaminsa ya katse maka tsalle. Yana iya biyo ka cikin iska ya ƙara maka. Mafi muni, yana iya yi maka dirar mikiya, domin babban bugun nan da ke ɗaga mutum sama, in aka danna shi ana karkata ƙasa, sai ya zama saukowa da ƙarfi a kan wanda ke ƙoƙarin haurowa. Amma shi ma mai tsaron yana cikin kasada. In ya diro ya kuskure ka, ya bar fili ke nan, ya koma ƙarƙashinka, sai kai ka zama mai gaɓa, shi ya zama mai neman hanya.

Da na ce na gane, sai ya miƙo mini wayar ya haɗa ni da gwarzon da kwamfuta ke sarrafawa. Mai karatu, ban yi minti biyu ba rayukana uku suka tafi. Duk lokacin da aka cilla ni sai gabana ya faɗi, in danna komai a lokaci guda, tsalle, tsalle, bugun dawowa, duk ina can nesa da dandamali. Sai in ga gwarzona ya haura sama inda babu komai, ya tsaya cak, ya sulale cikin rami ina kallo. Yaron da ya kwana uku bai yi murmushi ba ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Baffa, ba bugun ne ya kashe ka ba, kai ka kashe kanka. Ka ƙone komai tun kana nesa." Daga nan ya ba ni ƙa'idoji uku, na kuwa rubuta su a bayan wata takardar sayen mai da ke aljihuna. Ta farko, in an wurga ka kada ka danna komai tukuna, ka karkata jikinka wajen fili ka bar iska ta matso da kai, domin wannan kyauta ne, ba ya cin komai daga abin da ka tanada. Ta biyu, ka san adadin abin da ya rage maka, ka kashe mai arha kafin mai tsada, ka riƙe bugun dawowa sai ka tabbata zai kai ka bango ko zai sami wanda ya tare ka. Ta uku, kada ka riƙa dawowa ta hanya ɗaya kullum. In ka saba haurowa ta sama, mai tsaro zai jira ka a sama. Wani lokaci sai ka bari ka yi ƙasa sosai, kamar ka hallaka, sannan ka hauro ta jikin bango.

Da na koma Kano na bi diddigin uban wasan, wato Super Smash Bros., wanda sabon fitowarsa mai laƙabin Ultimate ya zo a watan Disamba na 2018. A can kowane gwarzo da irin dawowarsa, kuma hukuncin ya fi tsanani. Yawancinsu in suka yi bugun dawowa sai su shiga halin rashin kataɓus, ba tsalle ba hari, sai faɗuwa kawai har su kama leɓen dandamali ko su taka ƙasa. Wanda ya kama leɓen yakan sami kariya ta ɗan lokaci, amma a fitowar baya-bayan nan akwai hoto biyu kacal cikin 60 da ake iya bugun sa a daidai lokacin kamawar, kuma akwai masu kwana suna koyon dacewa da wannan ɗan taƙi. Kirby yana da tsalle da yawa, yana dawowa kamar balan-balan, amma jikinsa ba nauyi, da wuri ake cilla shi. Fox yakan tsaya ya tara wuta kafin ya harba kansa, tsayawar nan kuwa ita ce ke ba mai tsaro dama. Ness sai ya saki wata tsawa ya kewayo da ita ta bugi bayansa kafin ya tafi, in wani ya shiga tsakani ya shanye tsawar, Ness ya tafi ke nan.

Wanda ya fi burge ni shi ne Little Mac, ɗan damben boksin da aka shigar cikin wasan a 2014. A ƙasa yana cikin mafiya sauri da zafin hannu. Amma da zarar ƙafarsa ta bar fili ya zama abin tausayi, domin bugun dawowarsa ɗan guntu ne, da ƙyar yake ɗaga shi. Da gangan aka yi shi haka. Masu tsarawa sun ba shi ƙarfin ƙasa, suka karɓi kuɗinsa a sama. Babu gwarzon da aka haɗa wa komai, kuma duk wanda ya zaɓi gwarzo bai san ta inda rauninsa yake ba, a bakin gaɓa zai sani.

Little Mac ya tuna mini da damben gargajiyarmu, wanda muka taso muna kallo bayan kaka. A dambe akwai hannun da aka naɗe da kara, akwai hannun kariya, ana yin turmi uku, kuma da zarar hannu ko gwiwa ko jikin ɗan dambe ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. Ko Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙar da ta game ƙasar Hausa, a kan wannan doka ya yi zamaninsa. Dambe bai tanadi dawowa ba bayan faɗuwa, sai dai a tara a wani karon.

Wasanmu da ya fi kusa da abin da na gani a wayar nan shi ne langa. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kiru ko Bebeji ko nan Tudun Wada ya san dare mai farin wata, yara sun rabu gida biyu, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar. Ana fitar da ruwa, wanda aikinsa shi ne ya ratsa abokan hamayya ya kai wurin sha, 'yan gidansa suna kare shi, 'yan ɗaya gidan suna neman su ka da shi ko su sa ya saki ƙafa. Ruwan kirki ba ya zabura da gudu tun daga farko, don ƙafa ɗaya ba ta da dogon numfashi. Yakan yi lamɓo, ya kewaya, ya nuna hagu ya bi dama, ya ajiye zaburarsa ta ƙarshe sai ya ga kafa. Ƙa'idoji ukun da yaron ya ba ni, a dandalin ƙofar gidanmu na fara koyon su shekara talatin da wani abu da suka wuce, na manta, sai ga su sun dawo mini ta hannun wani kamfani na Amurka.

Mu koma gindin dalbejiya. Da ya gama koya mini, na ajiye wayar na ce, "To, malam, yanzu kai aka wurga. Lissafa mini abin da ya rage maka." Ya yi shiru. Na ce bari in taya shi. Jarrabawar JAMB duk shekara ake yin ta, wannan tsalle ɗaya ke nan. Akwai shirin IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, wanda ke kai mai rabo aji biyu na jami'a kai tsaye, ga kuma kwalejin share fagen shiga jami'a a nan cikin Tudun Wada, ko kuɗin mota ba sai ya kashe ba. Akwai difloma, akwai NCE. Sakamakonsa na sakandare yana nan bai lalace ba. Ga gonar shinkafar ubansa, ga noman rani da ruwan madatsar Tiga ya raya a wannan yanki tun bayan gina ta a zamanin Gwamna Audu Bako, inda yaro mai ƙarfi zai iya haɗa kuɗin fom da guminsa. Na ce, "Duk wannan yana hannunka, amma kana so ka danna na ƙarshe tun kana nesa."

Ba na raina Riruwai. Gari ne mai tarihin kuza tun kafin zamanin Turawa, kuma mutanen kirki da yawa suna ci da iyalinsu daga haƙar ma'adinai, halak ɗinsu suke nema. Amma ramin haƙa ba wurin da yaro zai tafi cikin fushi ba ne, kuma wanda ya saba da kuɗin yini yana ɗan shekara 18, da wuya ya sake zama a kan benci ya riƙe biro. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba. In ya zauna ya auna ya ga can ne hanyarsa, wannan zaɓi ne. In kuwa don ya huce haushin ubansa ne, to firgita ce, irin wadda ta cinye mini rayuka uku a minti biyu.

Na kuma faɗa masa inda wasan ya yi masa ƙarya. A waya rai uku ne, in sun ƙare a danna a sake sabon zubi. Shekara kuwa in ta wuce ta wuce. Na tambaye shi ƙarfe nawa yake kwanciya a watannin da suka gabaci jarrabawa. Ya sunkuyar da kai ya ce wani lokaci har ƙarfe biyun dare. Na ce to ubansa bai yi ƙarya ba. Wanda ya san lissafin tsalle biyu da zilliya ɗaya, amma bai lissafa sa'o'in barcinsa da na karatunsa da kuɗin datar da yake ƙonawa ba, iliminsa ya tsaya a allo.

Da daddare na zauna da Yaya, wannan kuwa ya fi mini wuya, domin ƙane ba ya yi wa wa wa'azi. Na ba shi labarin mai tsaron gaɓa da bango. Na ce, "Yaya, a yi mini afuwa, yaron nan an riga an wurga shi, yana cikin iska. Duniya cike take da masu jiran sa a bakin gaɓa, abokan da za su yi masa dariya, da masu ce masa boko ba ta da amfani. In ya waiwayo gida ya tarar mu ma mun tsaya a can da sanda, ta ina zai hauro? Mu ne bangon da zai manne ya ja numfashi." Yaya ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To, bangon nan, haka zai yi ta maƙalewa har ya yi gemu?" Na yi dariya na ce a'a, ko a wasan ma bangon yana da wa'adi, in aka daɗe santsi yake yi. Ya ce wannan dokar ta yi masa, masu wasan nan ashe suna da hankali.

Abin da ya sa na kawo wannan magana shafin jarida shi ne, abin da na gani a gidanmu ina ganin sa duk ƙarshen zango a ofishina. Ɗalibi ya faɗi kwas biyu ko uku, maimakon ya zo mu zauna mu ƙirga abin da ya rage masa, sai ya ɓace, ko ya kwashi kwasa-kwasai fiye da ƙarfinsa don ya rama a zango ɗaya, ko ya shiga ɗakin jarrabawa da guntuwar takarda a safa, a kama shi a kore shi gaba ɗaya. Mafi yawan waɗanda na ga sun bar jami'a ba faɗuwar farko ce ta fitar da su ba, abin da suka yi bayanta ne. Mu malamai ma da namu laifin. Mun ƙware wajen koyar da yadda ake cin jarrabawa, amma da wuya ka ji malami ya ware ko rabin sa'a ya bayyana wa aji hanyoyin da doka ta tanada ga wanda ya faɗi, alhali suna nan rubuce a kundin ɗalibai.

Ga iyaye kuma, ba cewa nake a sakar wa yara waya ba. A sa doka, a tsare lokacin salla da na karatu da na barci. Amma kafin a kulle ta a akwati, a zauna sau ɗaya a ce wa yaron ya bayyana abin da yake yi. Rashin sani ya fi dare duhu. Mai yiwuwa a tarar shirme ne zalla, a hana da hujja. Mai yiwuwa kuma a tarar da wani harshe da za a iya yi masa magana da shi ya ji, kamar yadda na tarar. Matasanmu masu karatun kwamfuta kuwa, ina yi musu tuni cewa langa tana nan, da ruwanta da masu tsaronta da wurin shanta, ba ta rasa komai ba na abin da ke sa irin wannan wasa daɗi. Har yau ana yin ta a gasar wasannin gargajiya, sai dai dandalin ƙauye ya fara mantawa da ita.

Kafin in taso washegari an yi sulhu a gaban uwarsa. An fasa tafiya Riruwai. Wayar za ta riƙa kwana a ɗakin Yaya, a ba shi ita bayan la'asar zuwa magariba. Zai yi aikin gona da safe, a ware masa ladansa a ajiye don kuɗin fom, ni kuma na ɗauki nauyin littattafai. Da zan shiga mota ya biyo ni ya ce, "Baffa, in ka sake zuwa za mu kara, amma ka daina danna komai a lokaci ɗaya." Na ce na ji, shi ma haka.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu haƙurin zama bango a gare su. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.